Ina So In Sa Ɗana a Gwajin Sabon Maganin Sikila, Amma Maigidana Ya Ƙi

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a unguwar Aboabo, nan Kumasi. 'Ya'yana huɗu, na ukunsu yana da ciwon sikila, shekarunsa tara. A bara sau uku muna kwanciya a asibiti, sau ɗaya har da ƙarin jini, kuma ɗan jarin da nake sayar da wake da shinkafa da shi ya kusa ƙarewa a kansa. Makonni biyu da suka wuce, a asibitin da muke zuwa, wata nas ta ja ni gefe ta ce ana gwajin wani sabon magani, idan na yarda za a sa yarona a ciki, za a riƙa duba shi kyauta, har da kuɗin mota. Ta ba ni takarda mai shafuka da yawa da Turanci ta ce in je in yi shawara. Maigidana, wanda iyayensa mutanen Kano ne, ya ce ɗansa ba zai zama zakaran gwajin dafi ba, bai manta abin da aka yi wa yara a Kano ba. Uwar mijina kuma ta ce jinin yaran suke ɗiba su sayar a Turai. Ni kuwa ina ganin wannan ce damar da yarona zai warke. Ina tunanin in je in dangwala yatsana ba da sanin maigidan ba. Mece ce shawararki?

Mahaifiyar mai sikila, Aboabo

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba yaron lafiya, ke kuma Ya saka miki bisa ɗawainiyar da kike yi, domin duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaro mai sikila yana jin kukansa na ciwon ƙashi ya san ba ƙaramin abu kike ɗauke da shi ba. Amsar tambayarki ta ƙarshe zan fara ba ki, don kada ki karanta sauran da zullumi: kada ki dangwala a ɓoye. Zan dawo kan dalilin, amma akwai wata kalma a wasiƙarki da ta fi damuna, wato inda kika ce wannan ce damar da yaron zai warke, kuma sai mun gyara wannan fahimtar tukuna sauran maganar za ta zauna.

Ana yin gwajin magani ne saboda likitoci ba su san amsar ba tukuna. Da sun tabbatar cewa maganin yana aiki kuma ba ya cutarwa, da rubuta miki shi kawai za su yi ki je ki karɓa a kantin magani. Abin da suke da shi a yanzu kyakkyawan zato ne da suka gina a kan binciken da ya gabata, kuma suna neman yara irin naki su taimaka a gano ko zaton gaskiya ne. Yaron yana iya amfana, yana iya fita kamar yadda ya shiga, yana kuma iya gamuwa da wata illa da ba a sani ba. Takardar da aka ba ki, idan ta gaskiya ce, ta faɗi waɗannan ukun a wani shafi, kuma ba za ki tarar da alƙawarin warkewa a cikinta ba. Duk ma'aikacin da ya yi miki wannan alƙawari da baki ya faɗi abin da ba shi da ikon faɗa.

Kafin magani ya iso hannun wannan nas ɗin, ya yi doguwar tafiya. Ana fara gwada shi a ɗakin bincike da kuma a jikin dabbobi. Idan ya tsallake, sai a shiga mataki na 1 a jikin mutane, inda ake ba mutane kaɗan, waɗanda galibi ba su kai ɗari ba kuma yawanci manya ne, ana farawa da ɗan mitsitsin adadi ana ƙarawa a hankali, don a ga abin da jiki zai iya ɗauka. A mataki na 2 ana ba masu ciwon kansu, daga gommai zuwa 'yan ɗaruruwa, don a ga ko akwai alamar amfani kuma wane adadi ya fi dacewa. Mataki na 3 shi ne babba: ɗaruruwa ko dubban marasa lafiya, sau da yawa a ƙasashe daban-daban, ana kwatanta sabon da abin da ake amfani da shi a da, kuma da sakamakonsa hukuma take yanke hukuncin ba da izini ko hanawa. Mataki na 4 kuwa sa ido ne bayan maganin ya shiga kasuwa. Tafiyar takan ci shekara 10 zuwa 15, kuma a cikin magunguna goma da suka fara mataki na 1, kusan ɗaya ne kawai yake kai wa ga samun izini. Saboda haka tambayarki ta farko ga likitan ita ce: a wane mataki wannan gwajin yake, kuma yara nawa masu shekarun ɗana suka riga suka sha maganin? Maganin da yara ɗaruruwa suka sha na tsawon shekara daban yake da wanda ɗanki zai kasance cikin yaran farko da za su ɗanɗana shi.

Akwai abin da nake kyautata zaton nas ɗin ta faɗa miki amma ya wuce ki saboda hankalinki yana kan kalmar kyauta, wato cewa mai yiwuwa ɗanki ba zai sami sabon maganin ba ko da kin amince. A yawancin irin wannan gwaji ana raba yaran gida biyu, wasu su sha sabon maganin, wasu su sha ƙwayar da kamanninta ɗaya da shi amma babu magani a cikinta, ko kuma su tsaya a kan maganin da aka saba. Mutane da yawa idan suka ji haka sai su ce yaudara ce, amma ke da kike rainon mai sikila kin fi kowa sanin dalilin. Kin san yadda ciwon yake tashi idan iskar hunturu ta kaɗa a Disamba da Janairu, ko idan ruwan sama ya jiƙe yaron a hanyar makaranta, ko zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, kin kuma san yakan yi wata biyu ko uku lafiya ƙalau yana buga ƙwallo a lungu kamar bai taɓa ciwo ba. A ce wani ya ba shi wani jiƙo a farkon Maris, lokacin da sanyi ya wuce, sai ya yi wata uku bai kwanta ba. Jiƙon ne ya yi aiki, ko kuwa dama lokacin sauƙinsa ne ya zo? Da yaro ɗaya babu mai iya sani, kuma a kan wannan ruɗanin ne masu tallar maganin sikila da lasifika a kasuwar Kejetia suke cin kasuwarsu. Amma idan aka ɗauki yara ɗari biyu, ɗari suna sha ɗari ba sa sha, dukansu suka ratsa hunturu ɗaya da damina ɗaya, sannan aka ƙirga sau nawa kowane ɓangare ya kwanta a asibiti, to bambancin da aka gani na maganin ne.

Rabon kuma da ƙuri'a ake yinsa, kwamfuta ce take jefawa, domin da an bar wa likita ya zaɓa, ko da zuciya ɗaya, zai iya karkata ya sa yaran da suka fi ƙarfi a gefe guda, ko ya tausaya wa wanda ya fi jin jiki, lissafin ya lalace. Sau da yawa ma har likitan da yake duba yaron ba ya sanin wace ƙwaya ce yake sha, don kada saninsa ya shafi yadda yake rubuta abin da ya gani. Lambar da ke nuna wace ƙwaya yake sha tana ajiye a wani wuri, kuma idan yaro ya shiga wani hali na gaggawa ana iya buɗe ta nan take.

Akwai kuma wani kwamiti na masana da ba sa cikin masu gwajin, waɗanda su kaɗai suke leƙa sakamakon lokaci zuwa lokaci, kuma suna da ikon ba da shawarar a tsayar da komai. Maganin hydroxyurea, wanda mai yiwuwa ɗanki yana sha yanzu, ta wannan hanya ya fito. A gwajin da aka yi a Amurka a kan manya 299, an tsayar da aikin kafin wa'adinsa a 1995, saboda an ga masu shan maganin tashin ciwonsu ya ragu da kusan rabi, kuma bai halatta a ci gaba da ba sauran ƙwayar da babu komai a ciki ba. Bayan shekaru aka sake gwada shi a kan yara kimanin 600 a Angola, Kongo, Kenya da Uganda, domin a tabbatar zai yi aiki a inda ake fama da zazzaɓin sauro da ƙarancin abinci, sakamakon da aka wallafa a 2019 kuma ya nuna raguwar tashin ciwo, ƙarin jini da mace-mace. Iyayen waɗannan yara sun zauna da irin takardar da ke hannunki. Sai dai labarin ba kullum yake ƙarewa haka ba. Wani maganin sikila mai suna Oxbryta ya sami izini a Amurka a 2019, mutane suka sa rai a kansa, amma a Satumbar 2024 kamfanin da ke sayar da shi ya janye shi daga kasuwannin duniya bayan bayanan da aka ci gaba da tarawa sun nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. Na kawo miki su biyun ne don ki san irin ƙofar da kike tsaye a bakinta.

Game da maigidanki, kada ki ɗauki maganarsa a matsayin taurin kai, domin abin da yake tunawa ya faru. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe su, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, sannan ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin asibiti da aka nuna an rubuta ta ne daga baya aka sa mata kwanan watan baya. Shari'a ta ja har 2009, aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ɓacin ran wannan lamari yana cikin abubuwan da suka ƙara wa mutanen Arewacin Nijeriya ƙin rigakafin shan inna a 2003. Mutumin da danginsa suke Kano a wancan lokacin yana da hujjar yin taka-tsantsan, kuma idan kika nuna masa kin san haka, zai fi saurin sauraron ki fiye da idan kika ce masa tsohon labari ne.

Abin da za ki iya nuna masa shi ne cewa abubuwan da aka yi kuka da rashinsu a Kano, wato sanar da iyaye, yardarsu a rubuce da izinin kwamiti na gaskiya, a yau shi da kansa zai iya bincika su. A nan Gana, Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta hana kowa gwada magani a jikin mutane sai da izinin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wadda kowa ya fi sani da FDA, kuma tana da ofishi a nan Kumasi. Ban da ita, dole wani kwamitin kare haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu ya karanta tsarin ya amince, irin wanda Hukumar Lafiya ta Gana take da shi ko na jami'ar KNUST. Sunan kwamitin da lambar wayarsa ya kamata su kasance a shafukan ƙarshe na takardarki, kuma an sa su ne don iyaye su kira. Maigidan ya kira da kansa ya tambaya ko sun san da wannan gwaji. Ba na ce waɗannan hukumomi ba sa kuskure ba, ma'aikata ne kamar kowa, amma gwajin da ke da izininsu yana da wanda za a kama idan abu ya ɓaci. Ƙasar nan kuma ba baƙuwa ba ce a wannan aiki: rigakafin zazzaɓin sauro na RTS,S, wanda aka fara yi wa jarirai a wasu gundumominmu a 2019, an gwada shi daga 2009 zuwa 2014 a kan yara fiye da 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai, kuma Kintampo da Agogo, nan kusa da mu, suna cikin wuraren gwajin. A ɗaya gefen, a 2015 an shirya gwajin rigakafin Ebola a Hohoe, jama'a suka tayar da ƙura, maganar ta kai majalisa, aka dakatar da shi, kuma cikin abubuwan da suka jawo haka akwai cewa mutane sun ji labarin a kafafen yaɗa labarai kafin a zauna da su a yi musu bayani.

Maganar uwar mijinki kuwa, a bi ta da ladabi amma a gaya mata gaskiya. Jinin da ake ɗiba a kowane zuwa yawanci cokalin shayi ɗaya ne zuwa uku, alhali yaro mai shekara tara yana da abin da ya kusa lita biyu a jikinsa, kuma ɗan abin da ke cikin waɗannan kwalabe ba ya isa a ƙara wa kowa. Inda take da gaskiya shi ne, wani lokaci ana aika samfurin zuwa ɗakin bincike a wata ƙasa, ko a ajiye shi shekaru don wani binciken na gaba. Wannan sai da yardarku, kuma ya kamata takardar ta faɗa. Ku tambaya nawa za a ɗiba, sau nawa, ina za a kai, yaushe za a zubar. Tun da yaron dama jininsa ba ya cika, tambayar tana da muhalli.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi jan ki, kuma ban ga laifinki ba: kyautar. Uwar da jarinta ya ƙare a asibiti, idan aka ce mata likita zai riƙa ganin ɗanta kowane wata ba tare da layi ba, gwajin jini kyauta, ga kuɗin trotro, wato motar haya, da wuya ta tsaya karanta shafi na bakwai. Gaskiya ne yaran da ke cikin gwaji sukan sami kulawa ta kusa fiye da sauran, kuma wannan amfani ne na haƙiƙa da ya halatta ki sa a ma'auni. Amma kulawar tana da ranar ƙarewa. Ki tambaya abin da zai faru bayan gwajin: idan maganin ya yi wa yaron amfani, za a ci gaba da ba shi, ko za a bar ku da farashin da ba za ku iya ba? Idan ya sami illa, wa zai biya jinyar, kuma akwai inshorar da aka yi wa yaran? Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ko za a dakatar da wani daga cikin magungunan da yake sha yanzu. Ƙa'idar da likitocin duniya suka amince da ita a sanarwar Helsinki kan bincike a jikin mutane, wadda aka fara fitarwa a 1964 aka yi ta sabuntawa, ita ce kada a hana mara lafiya maganin da aka tabbatar yana aiki ta yadda zai cutu don kawai a gwada sabo. Idan aka ce zai ci gaba da nasa a ɗora sabon a kai, hankali ya fi kwanciya. Idan aka ce sai ya bari, ki nemi dalili a gaban likitansa na kullum.

Dalilin da ya sa na hana ki dangwalawa a ɓoye kuwa, ko da takardar ta wadatu da sa hannun mahaifi ɗaya, abin ba ya ɓoyuwa. Gwaji watanni ne, wani lokaci shekaru, na zuwa asibiti a ranakun da aka tsara, da kiran waya, da kwalbar magani mai lamba a cikin ɗaki, wani lokaci har da ma'aikaci ya zo gida. Yaro mai shekara tara kuma ba ya riƙe sirri, bai ma kamata a ɗora masa ɓoye wa ubansa abu ba. Sannan ki tuna ciwon zai tashi wata rana, ko yana cikin gwaji ko ba ya ciki, domin haka sikila take. Idan ya tashi da tsakar dare kina wurin sana'a ko kin yi tafiya, maigidan ne zai kai shi asibiti, likita ya tambaye shi abin da yaron yake sha, ya ba da amsar da ba ta cika ba. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, abin ya yi tsanani, babu wanda zai iya gamsar da shi da mahaifiyarsa cewa ba maganin ba ne, kuma ke za ki ɗauki wannan har ƙarshen zamanku.

Ki sami lokacin da ya huta, ki ce masa ba ki yanke komai ba kuma ba za ki yanke ba sai da shi, abin da kike roƙo kawai shi ne ya raka ki sau ɗaya ya yi wa likitan da ke jagorantar gwajin tambayoyinsa da bakinsa, har da maganar Kano. Idan yana jin nauyin wani, kamar yayansa ko limamin masallacinku, a tafi da shi. Kuna da haƙƙin a yi muku bayanin takardar shafi bayan shafi da Hausa ko Twi, kuma idan dangwalawa za a yi maimakon sa hannu, dole a sami shaida wanda ba ma'aikacin gwajin ba ne, ya ji abin da aka faɗa muku ya sa hannu, a kuma ba ku kwafinku ku tafi da shi gida. Shi ma yaron, a shekarunsa, ana tambayarsa ko ya yarda, a gaya masa da kalmomin da zai gane cewa akwai allura da ɗibar jini. Ku lura da yadda likitan yake amsawa: wanda ya ce muku ga abin da aka sani, ga wanda ba a sani ba tukuna, ya fi cancantar amana fiye da wanda ya ce babu wata matsala ko kaɗan, ko ya ce sai yau ɗin nan domin gurbi zai ƙare.

Idan kun shiga, kuna iya fita kowace rana ba tare da ba da dalili ba, sai dai ku sanar da su don su gaya muku yadda za a tsayar da maganin lafiya. Idan kuma bayan an yi duk wannan maigidan ya ce a'a, ki bar maganar, ki gaya wa nas ɗin kun gode, domin ƙin shiga ba ya rage wa yaron komai daga kulawar da yake samu a asibitin, kuma babu mai ikon canza muku fuska a kansa. A wannan zuwan dai, ko an shiga ko ba a shiga ba, ki tambayi likitansa ko yaron yana kan hydroxyurea, idan ba ya kai mene ne dalili, idan yana kai ko adadin ya dace da nauyinsa na yanzu, domin kwanciya uku a shekara ɗaya ta isa a sake duba wannan. Ki tafi da katin inshorar lafiyarsa da duk kwalaben magungunan da yake sha, har da na gargajiya idan akwai.